Fiyano a ƙasar Sin da tseren yatsu

A watan Yulin 2022 mawaƙin nan ɗan Taiwan, Jay Chou, ya saki bidiyon wata sabuwar waƙarsa, sai ga Lang Lang a ciki, kowa da fiyanonsa suna gwada ƙwanji. Lang Lang shi ne makaɗin fiyanon da ya fi kowa suna a ƙasar Sin, shi ya kaɗa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Fiyanon da ake magana a nan shi ne babban nan na katako mai maɓallai 88, ba na situdiyo da ake ɗora wa waƙoƙin nanaye ba. Masu ra'ayin riƙau a harkar kiɗan gargajiyar Turai sun daɗe suna tsaki kan irin wannan haɗi. A wurinsu, wanda ya ƙware a kiɗan mashahuran Turawan nan, Chopin da Beethoven, ba girmansa ba ne ya riƙa raɓar mawaƙan zamani da 'yan fim.

Ni dai ban yarda da su ba, domin tarihin fiyano a Sin bai goyi bayansu ba. Da Juyin Juya Halin Al'adu, gangamin siyasar da Shugaba Mao ya ƙaddamar, ya ɓarke a 1966, an ɗauki fiyano kayan 'yan jari-hujja. Liu Shikun, makaɗin da ya zo na biyu a gasar fiyano ta Tchaikovsky a Mosko a 1958, karaya aka ji masa a hannu, aka kuma ɗaure shi shekaru. Abin da ya ceci fiyano shi ne dabarar wani makaɗi, Yin Chengzong: a 1967 ya kai fiyano dandalin Tiananmen ya kaɗa wa jama'a waƙoƙin juyin juya hali. A 1969 shi da abokan aikinsa suka ɗauko waƙar Rawayen Kogi da Xian Xinghai ya tsara a 1939, suka mayar da ita kiɗan fiyano da babbar ƙungiyar makaɗa. Har gobe ana kaɗa ta. Da fiyano bai shiga waƙoƙin da talakan Sin ya sani ba a lokacin, da wuya a ce akwai wani Lang Lang da za a yi jayayya a kansa yau.

Shi kansa Lang Lang ta allon talabijin ya shigo. Ya sha faɗin cewa yana ɗan shekara biyu ya ga katun ɗin Tom and Jerry, inda kyanwar ke kaɗa kiɗan Liszt, daga nan abin ya shiga ransa. Jay Chou kuma tun yana yaro aka zaunar da shi gaban fiyano. A 2005 ya sa wa kundin waƙoƙinsa sunan Chopin, a 2007 ya shirya fim ɗin Secret, labarin soyayyar ɗaliban makarantar kiɗa. Yaran da ba su taɓa taka zauren kiɗa ba a nan suka fara jin sunan Chopin.

Haɗin kuma ba aikin malalaci ba ne, in an yi shi yadda ya kamata. Baƙaƙen maɓallan fiyano muryoyi biyar suke bayarwa suna maimaituwa, kuma a kan muryoyi biyar aka gina yawancin kiɗan gargajiyar Sin, don haka karin waƙar yana zama a hannu cikin sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne ja da lanƙwasa murya. Mai goge erhu, gogen Sinawa mai tsirkiya biyu, yana zamar da yatsa daga wannan murya zuwa waccan har a ji kamar kuka. Fiyano ba ya iya haka, guduma ce ke dukan waya, in ta daka ta daka. Dole makaɗi ya kwaikwayi zamiyar da ƙananan taɓe-taɓe masu sauri, ya san lokacin danna feda da lokacin ɗaga ƙafa. Wanda ya iya wannan ya cancanci yabo, ko waƙar fim yake kaɗawa.

Inda nake da ƙorafi daban ne. Wurin da aka fi tunawa a fim ɗin Secret shi ne karawar fiyano: ɗalibai biyu, 'yan kallo sun kewaye su suna sowa, wannan ya kaɗa, wancan ya mayar masa da martani da saurin da ya fi nasa. Bidiyon 2022 ma karawar ce. Kyamara tana son yatsu masu gudu, ba ta san yadda za ta yi da makaɗin da ya sassauta ya bar murya ɗaya ta mutu kafin ya taɓa ta gaba ba. Alhali yawancin abin da ya sa ake girmama Chopin a irin wannan natsuwa yake. Yaron da ya taso a kan waɗannan hotuna zai zaci fiyano tsere ne, kuma tsarin jarrabawar mataki-mataki da iyaye ke tura 'ya'yansu, har zuwa mataki na goma, ya ƙara dasa masa wannan zaton. Takardar shaida ake nema, a haddace kiɗa uku ko huɗu a wuce.

An kuwa ga sakamakon. Da hukumomin ilimi suka janye ƙarin makin da ake ba ɗalibai masu fasahar kiɗa wajen shiga makarantu, ga tattalin arziki ya yi sanyi, haihuwa ta ragu, sai cinikin fiyano ya faɗi. Hatta Pearl River na birnin Guangzhou, kamfanin da ya fi kowane kamfani ƙera fiyano a duniya, ya ji a jikinsa. Iyaye da yawa ashe maki suke saya, da makin ya tafi suka rufe murfin fiyano suka sa shi a kasuwa.