Abin da Tai Chi Ke Koya wa Ƙafar Tsoho

Duk wanda ya ga hoton tsofaffi da sassafe a lambun Tiantan na birnin Beijing, suna ɗaga hannuwa a hankali kamar masu tura ruwa, zai iya ɗauka cewa wasan cinye lokaci ne kawai. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na bar kallon hannuwan na koma kan ƙafafun. Tsohuwa takan ɗan lanƙwasa gwiwa, ta tattara nauyinta duka a kan ƙafa guda, ta miƙa ɗayar ta taɓa ƙasa da diddige, sannan ta mayar da nauyin kanta sannu a hankali tana juya ƙugu. A daidai wannan gaɓa ta sauyin ƙafa ne tsofaffi sukan faɗi, su kuwa waɗannan ita suke maimaitawa kullum da gangan.

Asalin tai chi dabarar faɗa ce, wadda ake danganta ta da ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan tun ƙarni na 17, kuma a 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin kowa ya iya. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne binciken da aka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a jihar Oregon ta Amurka a kan mutane 670 masu shekara 70 zuwa sama: waɗanda suka yi tai chi awa ɗaya, sau biyu a mako, tsawon mako 24, faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu miƙar jiki kawai. Wanda ya taɓa jinyar dattijo mai karayar ƙugu ya san nauyin wannan adadi.

Inda na rabu da wasu masu tallata shi shi ne da'awar cewa ƙarfin da Sinawa ke kira "chi" yana warkar da ciwon suga ko hawan jini, har a ajiye magani. Ban yarda da wannan ba, kuma tai chi ba ya buƙatar irin wannan ƙarin gishiri. Amma ina ganin mu ma da namu kuskuren, domin da zarar mahaifi ya yi tuntuɓe sau ɗaya sai mu ce, "Baba, zauna ka huta," mu karɓe masa buta da tabarma, alhali zaman ne ke ƙara kashe ƙafar.