WA YA CE BA SU DA ASALI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda ƙauyukanmu suke zaune. Ga babban gari inda hakimi ko dagaci yake, da masallacin Juma'a da kasuwa, ga kuma ƙananan ƙauyuka da unguwanni sun kewaye shi. Sunayen kaɗai sun isa su faɗa maka mazauna wurin: Maƙera, Marina, Majema, Unguwar Fawa, Unguwar Malamai, Zango, Rinji, Gandu, Ruga. A wajenmu, tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam, haka muka tarar da abin. Tun kafin ruwan Tiga ya zo a koma noman shinkafa da alkama da tumatir, marinan Kura ne suka fito da sunan yankin, don rawani ɗan Kura har Agadas ake nemansa.

Ba wanda ya wadatu da kansa a cikinsu. Manomi ba ya shiga gona sai da fartanya da garmar maƙeri, ba ya girbi sai da laujensa. Gonar da shanun Bafulatani suka kwana a cikinta da rani ta fi ta kusa da ita yabanya. Malam da buzun majemi yake salla, a gafakar baduku yake adana Alƙur'aninsa, allon almajiransa kuwa masassaƙi ne ya fitar da shi daga icce. Ranar suna, mahauci ke feɗe rago, wanzami ya yi wa jariri askin fari, maroƙi ya yi shelar sunan jama'a su ji. Ranar da aka mutu ma, a wurare da yawa da tukwanen maginiya ake rufe bakin kabari.

Duk wannan zaman lafiya ƙalau yake tafiya, har ranar da ɗan mahauci zai turo magabatansa neman auren 'yar malam ko 'yar maigari. A nan ne abin da ke cikin zuciya yake fitowa. Ba a ce yaron ba ya salla ba, ba a ce yana shaye-shaye ba, ba a ce ba zai iya riƙe ta ba. Sai ka ji dattijo mai furfura, wanda bai taɓa rasa sahun farko ba, ya gyara murya ya ce: "Mu ba ma haɗa iri da su." Wata tsohuwa daga cikin ɗaki ta ƙara da cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. In ɗan wanzami ne ko ɗan makaɗi, amsar ɗaya ce. In ɗan Rinji ne, sai a sassauta murya a ce ai kakansa bawa ne. In kuwa jikan Bamaguje ne da ya musulunta shekaru aru-aru, har yau "tubabbe" ake ce wa zuriyarsa. Kalmar da ake rufe zancen da ita ita ce: ba su da asali.

Wallahi wannan magana tana ba ni tsoro, don na san wanda ya fara yin irinta. Da Allah Ya umarci Iblis ya yi sujada ga Annabi Adamu, bai musa samuwar Allah ba. Asali ya kawo hujja, ya ce shi ne mafifici, daga wuta aka halicce shi, shi kuwa Adamu daga yumɓu. Ku duba Suratul A'araf, aya ta 12. Wannan ce ta fitar da shi daga rahama.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 13, Ya halicce mu daga namiji da mace, Ya sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna, kuma mafi daraja a wurinSa shi ne wanda ya fi taƙawa. Ayoyi biyu kafin nan Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri, Ya kuma hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa abubuwa huɗu na jahiliyya da al'ummarsa ba za su bari ba, kuma biyun farko su ne alfahari da asali da sukar nasabar mutane. Ya faɗe su ne don mu guje musu, mu kuwa muka sa musu suna al'ada.

Mu ɗauki sana'o'in nan da ake rainawa mu gani ko a wurin Annabi ma abin raini ne.

Ƙira dai Allah da kanSa Ya ce Ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, Ya koya masa yin sulke. Sarki ne, Annabi ne, amma Bukhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Khabbabu ɗan Aratti, wanda aka azabtar a Makka saboda Musulunci, maƙeri ne. Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW). Da aka haife shi, gidan wa aka kai shi shayarwa? Gidan wani maƙeri mai suna Abu Saif. Anas ya ce sun je gidan tare da Annabi, suka tarar Abu Saif yana zuga wuta, gida ya turnuƙe da hayaƙi. Annabi ya shiga, ya ɗauki ɗansa ya rungume. Shugaban halitta ya yarda ɗansa ya sha nonon matar maƙeri. Kai wane ne da za ka ce jinin maƙeri zai ɓata naka?

Wanzanci kuwa, nassin a kan aure kai tsaye ya zo. Abu Hindu mai yin ƙaho ne, ya yi wa Annabi ƙaho a tsakar ka. Sai Annabi ya ce wa ƙabilar Banu Bayada su aurar wa Abu Hindu, su kuma nemi aure a gidansa. Abu Dawud ne ya ruwaito. Ku lura da kyau, ba a ce su ba shi kawai ba, har su ma su je su nema a wurinsa. Akwai wata magana da wasu ke yawo da ita wai Larabawa tsarar juna ne ban da masaƙi da mai ƙaho. Malaman hadisi, irin su Abu Hatim, sun yi watsi da ita. Kada wani ya ruɗe ku da ita.

Jima fa? Uwar Muminai Zainab 'yar Jahsh da hannunta take jima da ɗinkin fata, ta sayar ta yi sadaka. Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Annabi (SAW) da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada.

Maganar bauta ita ce ta fi ciwo, kuma ita ce aka fi ɓoyewa. Ba a faɗinta a dandali, sai a zaure in an zo bincike. Yaro ya yi karatu, ya sauke Alƙur'ani, wataƙila ma shi ke jan tarawihi, amma ranar da aka zo naɗa limami ko mai unguwa sai wani ya tuna cewa kakan kakansa a gandun sarki ya yi noma. An haramta bauta a dokar Arewacin Najeriya tun 1936. A Nijar sai a 2003 aka mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Duk da haka, Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a 1996 a kan sefa 240,000 a yankin Konni, sai da ta kai ƙara kotun ECOWAS, a 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci gwamnatin ta biya ta sefa miliyan 10. Musulma ce, Musulmi ne ya saye ta. Bukhari ya ruwaito cewa Allah Ya ce mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗin.

Ka tambayi kanka, shi kakan nan da kake gorantawa, ta yaya ya zama bawa? Da yawansu a gona aka kama su, ko a hanyar rafi, ko aka auka wa garinsu da dare. Tun farkon ƙarni na 17 Malam Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba da fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. To idan an zalunci kaka, jikansa ne zai ɗauki kunyar? Ko da ma bautar ta inganta a shari'a, da an 'yanta mutum ya zama ɗa. Zaidu ɗan Harisa 'yantacce ne, Annabi ya aura masa Zainab, 'yar gwaggon shi Annabin. Ɗansa Usama, Annabi ya shawarci Faɗimatu 'yar Ƙais Baƙuraishiya ta aure shi, alhali Mu'awiya na cikin manemanta, kuma ita da bakinta ta ce Allah Ya sanya alheri a auren. Salim 'yantaccen Abu Huzaifa shi ke yi wa Muhajirai na farko limanci a Ƙuba, da Umar a cikin mamu, don ya fi su haddar Alƙur'ani, kuma Abu Huzaifa ya aura masa 'yar ɗan'uwansa. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi ce masa ya yi: lalle kai mutum ne da ke da jahiliyya a tare da kai. Abu Zarri ke nan, ina ga ni da kai?

Na san wani ɗalibi zai ce ai akwai babin kufu'i, wato tsarar aure, a fiƙihu. Akwai. Hanafiyya da Shafi'iyya suna duba nasaba da sana'a, amma su ma sun ce haƙƙin mace ne da waliyyinta, in sun yarda aure ya ɗauru. Mu kuwa da muke karanta Risala da Askari da Mukhtasar a zaurukanmu, mazhabar Imamu Malik ta taƙaita kufu'i a kan addini da kuɓuta daga aibobin da ake raba aure saboda su. Shehu Khalil mai Mukhtasar ya faɗa ƙarara cewa 'yantacce, da wanda ba sharifi ba, da mai ƙarancin matsayi, duk tsarar aure ne. A alwala da salla Malikawa ne mu, me ya sa in an zo aure sai mu ajiye littafin?

Kada a fahimce ni baibai. Sanin asali don sada zumunci da rabon gado abu ne mai kyau. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko maƙera da Buzaye, in bai kai ga cin mutunci ba, yana ƙara danƙon zumunci. Uba kuma wajibi ne ya yi bincike kafin ya ba da 'yarsa. Ya bincika sallar yaro, da gaskiyarsa, da abin da yake ci, da yadda mazan gidansu ke riƙe mata. In mahauci yana sayar da mushe, a ƙi shi saboda mushen. In maroƙi yana zagin wanda ya hana shi, a ƙi shi saboda zagin. Amma ɗan sarautar da ke cin gonar marayu da ɗan malamin da ke tsibbu, su ma a auna su da wannan mudun. Tirmizi ya ruwaito cewa idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo neman aure ku ba shi, in ba ku yi ba fitina da ɓarna mai faɗi za su auku a bayan ƙasa.

Ɓarnar kuwa ga ta muna gani. 'Yan mata suna tsufa a gaban iyayensu ana jiran ɗan asali. Wasu an tura su gidan wanda ba sa so, wata uku sun dawo da takarda. Samari suna barin ƙauye su tafi Kano ko Legas, suna ɓoye sunan unguwarsu. Yaro yana jin kunyar zuga-zugin ubansa, ƙira tana mutuwa a hannun tsofaffi, mu kuma muna kukan rashin aikin yi. Raini ɗaya ne ke sa a ga yaran ruga a bakin kasuwa a kira su da sunan da bai dace ba, alhali maƙwabta ne, kuma maƙwabci yana da haƙƙi ko da Bamaguje ne da bai musulunta ba.

Ku da ake rainawa, kada ku sunkuyar da kai. Hannun da ya yi kanta wajen neman halal ba abin ɓoyewa ba ne. Ku tsarkake sana'arku daga algus, ku sa 'ya'yanku makaranta, allo da boko, kuma kada ku ma ku juya ku raina wanda kuke ganin yana ƙasa da ku, don mahauci ma yakan hana ɗan makaɗi 'yarsa.

Iyayenmu mata, galibi a ɗakunanku ake yanke wannan hukunci kafin ya iso zaure. Ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane.

Wanda kuma ya san ya taɓa ce wa wani bawa, ko ya ɓata auren wasu da tonon asali, ya sani istigfari kaɗai bai wanke shi ba, don haƙƙin ɗan Adam ne. Ya taka ya je gidan mutumin tun suna raye su biyun, ya nemi yafiya.

Malamanmu na karkara da limaman Juma'a, ku ake saurare. Ku hau mumbari ku karanta hadisin Abu Hindu da Hausa, ku ce wanzami, kada ku bar shi a Larabci. Ku ambaci maƙeri da mahauci da ɗan Rinji da sunayen da ake kiransu a garin. Ranar da ɗayansu ya zo neman 'yar wani daga cikinku kuma aka yarda da addininsa da halinsa, ku ne ya kamata ku fara bayarwa, jama'a su gani.

Allah Ya gafarta mana, Ya gafarta wa iyayenmu.