Jar Darar Baba a Gidan Ciyaman

Hulunana duka suna wurin mai wankin hula, shi ya sa na buɗe adaka na ɗauko jar darar marigayi Baba, na ɗora ta a kan farar shadda, na zura baƙin takalmi, na nufi ɗaurin auren 'yar Baffa Ciyaman, ana saura kwana shida a yi zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023.

Na sani sarai, kamar yadda kowane Bakano ya sani, cewa jar hula da farar riga da baƙin takalmi shigar Malam Aminu Kano ce, wadda Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ya mayar da ita tambarin mabiyansa, kuma ban manta ba cewa tun da Ganduje ya ajiye tasa jar hular a 2016, Baffa ya wurga tasa kan rufin kwano, har yau tana can rana tana cinta. Abin da ban yi ba kawai shi ne duba madubi.

Ina sauka daga babur a ƙofar gidan, inda aka lulluɓe katanga da fastoci masu hoton tsintsiya, sai sanƙira ya katse kirarin da yake yi wa waliyyin ango, ya juya lasifika wajena, ya ce: "Jama'a a buɗe hanya, ga wakilin Madugu ya iso!" Dattawan da ke kan tabarma suka juyo gaba ɗaya, har mai rabon goro ya tsaya da faranti a hannu. Wasu yara da ke kan katanga suka kwarma ihu, "Kwankwasiyya!" Ni kuwa, da ban taɓa yankar katin kowace jam'iyya ba, sai na ji bakina ya amsa da kansa kamar yadda ake amsa sallama, da murya a sarari: "Amana."

Baffa ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya ce: "Ɗan nan, aure ka zo ɗaurawa ko kamfen?" Na durƙusa na ce: "Allah Ya huci zuciyar Baffa, ai hular Baba ce." Ya ce: "Na gane ta. Da ita Yaya ya riƙa bin PRP lungu-lungu, ɗan Taɓo ne na gidi, ɓangaren Malam Aminu, ashe gado ka zo nuna mini." Na cire ta na cusa a aljihu, sai ga sanƙona yana ƙyalli a tsakiyar taron masu rawani, abin da ya fi na farko muni.

Wanda har yanzu ban yafe wa ba shi ne wani maƙwabcina, wanda ya goyo ni tun daga Gwammaja, ya bi da ni ta gaban gidan Mumbayya yana yi wa hotunan Malam nuni da baki, yana kallona ta madubin babur, bai ce uffan ba. Daga baya ya ce wai ya ɗauka sauya sheƙa na yi, kuma shi ba ya shiga tsakanin mutum da aƙidarsa. Shi ne kuma ya aro mini wata koriyar hula ta ɗan makaranta, wadda ta tsaya a tsakiyar kaina kamar murfin kwano, da ita na fito a duk hotunan bikin.

Mai wankin hula ya kawo hulunan da la'asar, ɗaya ma ba tawa ba ce.