Kik Na Juyawa, Mota Ta Ce Ba Inda Za Ta

(Bonet a buɗe. Alhaji na ta murɗa makulli, Malam Na-Sani ya goya hannu a baya yana leƙen inji.)

BAKANIKE: Alhaji, saki makullin nan don Allah! Kik ba jaki ba ne. In ka yi daƙiƙa 10 kana murɗawa, ka ƙyale shi ya huce, in ba haka ba ka ƙona shi, ka tsotse batir a banza.

ALHAJI: Ai batirin ne ma. Malam ya ce a sayo sabo.

NA-SANI: Ko tantama babu. Daga ƙarar na gane.

BAKANIKE: Batirin da ke wujijjiga inji haka? Yaro, ɗora mita.

YARO: Volt 12.6, Oga. Da aka yi kik ya sauko 10.5.

BAKANIKE: Lafiyarsa ƙalau. Sai ya faɗi ƙasa da 9.6 ake tuhumarsa.

NA-SANI: Ka riga ni a baki ne kawai.

BAKANIKE: Inji mai shan fetur abu uku yake nema: mai, wuta da matsi, kuma su haɗu a kan lokaci. Alhaji, da mai a tankin?

ALHAJI: Ni za ka yi wa wannan tambayar?

BAKANIKE: Geji ne ke ƙarya, ranka ya daɗe, ba kai ba. Murɗa zuwa inda fitilu ke kamawa, ban da kik. Yaro, kai kunne bakin tanki.

YARO: Na ji zuuu, sai ya ɗauke.

BAKANIKE: Famfon mai ke nan, daƙiƙa 2 zuwa 3 yake yi ya cika layi. Da shiru ka ji, da fis za mu fara dubawa, sannan rile, ɗan akwatin da ke tura wa famfon wuta...

NA-SANI: A sauke tanki!

BAKANIKE: ...a musanya shi da na hon in lambarsu ɗaya. Tanki sai ƙarshe, Malam. Amma kuka ba aiki ba ne, famfo kan yi ƙara bai turo komai ba. Jona gejin matsi.

YARO: Matsin ya kai bar 3 cif.

BAKANIKE: Daidai da irin wannan injin. Kwanto min fulogi ɗaya. Mayar da shi bakin kwayil mai ba shi wuta, ka jingina zarensa da ƙarfen inji. Kada wanda ya taɓa.

NA-SANI: Kawo in riƙe, shekara nawa ina... Wayyo Allah! Hannuna!

YARO: Oga, akwai wuta.

BAKANIKE: Na gani, shuɗiya ma. Da ja-ja ce mai rauni, da mun zargi kwayil. Malam ya hutar da mu wani aikin kuma: tunda wuta na zuwa, sansar karanshaf na aiki. In ta mutu, kwamfutar mota ba ta sanin inji na juyawa, allurar juyi ba ta ko motsi lokacin kik.

ALHAJI: To bel ɗin taimin fa? Na ji ana cewa yana tsinkewa.

BAKANIKE: Da ya tsinke, da ka ji kik na gudu sululu babu nauyi, don matsi ya tafi. Naka kuwa yana nishi bi da bi. Yanzu dubi bakin fulogin nan, yaro. Me ka gani?

YARO: A bushe yake ƙayau.

BAKANIKE: Nan gizo ke saƙa. Bayan duk murɗar da Alhaji ya yi, kamata ya yi a same shi jiƙe yana warin fetur. Da haka ne, sai mu ce mai ya shaƙe ta, a take totur har ƙasa a yi kik, kwamfuta ta tsayar da mai inji ya share. Amma ga mai a layi, ga wuta, fulogi a bushe. Nozul masu fesa mai cikin inji ba sa buɗewa ke nan. Wani ne ya hana su. Alhaji, wannan baƙin salatif ɗin da ke kan gilashin mita fa?

ALHAJI: Wata 'yar fitila ce mai hoton makulli. Tun jiya take min ƙyafce-ƙyafce, na rufe mata baki.

BAKANIKE: Tun jiya. Mu ga makullin.

ALHAJI: Sabo fil, jiya na yanko shi. Na asalin kansa ƙato, duk ya huda min aljihu.

BAKANIKE: Ƙaton kan nan shi ne makullin, Alhaji! Akwai ɗan ƙwayar lantarki a cikinsa, zoben da ke bakin ramin makulli ne ke karanta lambarsa. In bai ji ta ba, kwamfuta ta bar kik ya juya, ta hana mai. Motarka ɓarawo ta ɗauke ka.

ALHAJI: Ni? Da kuɗina?

BAKANIKE: Yaro, ɗaura fulogi. Ina na asalin?

(Alhaji ya lalubo shi ta hudar aljihu. Murɗa ɗaya, mota ta tashi.)

NA-SANI: Ban ce muku makulli ne ba?

YARO: Malam, hannun ya daina rawa?

ALHAJI: To, tunda dai ba ka gyara komai ba, ai babu batun kuɗin aiki ko?

BAKANIKE: Yaro, karɓo na asalin ka miƙa masa sabon.