Ƙirgen kwanakin al'ada: ina maigida a cikin lissafin?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Katsina kan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaici, adadi mafi yawa a Najeriya. Ni ba yawan ne ke damuna ba, rurrutsa ce: ga goyo a baya, ga ciki a gaba, uwa duk ta rame. Mata da yawa na son hutu amma suna tsoron allura da ƙwaya, shi ya sa hanyar ƙirgen kwanaki ke burge su.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Macen da ke lissafin haila da tsarki saboda salla da azumi ta riga ta iya rabin aikin. Abin da ya rage mata ta sani shi ne ƙwan mace ba ya wuce kwana ɗaya bayan ya fito, amma maniyyi kan rayu har kwana 5 a jikinta. Don haka Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fito da wani carbi mai duwatsu 32: ja ranar da jini ya zo, farare daga rana ta 8 zuwa ta 19, kwanakin da ciki ke iya shiga. Sharaɗin shi ne al'adar ta riƙa zagayowa tsakanin kwana 26 zuwa 32. Mai shayarwa da jininta bai daidaita ba, carbin ba nata ba ne tukuna.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwana 12 ne a jere za a guji saduwa, ban da na haila. A gidan da ake rabon girki, kwanan mace na iya faɗowa cikin fararen duwatsun, to ta ce wa maigida me? Ta yafe kwananta ga abokiyar zama? Ko a binciken masu carbin, idan an kiyaye sosai mata 5 cikin 100 ne ke ɗaukar ciki a shekara, amma a yadda aka saba yi, sun kai 12. Ina ganin mafi yawan wannan ratar daga ɗakin maigida take.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a koyar da matan kaɗai ranar awo ko rigakafi, su koma gida da carbi a jaka. A kira mazan su ma, ko a kai maganar majalisarsu ta ƙofar gida. Malamanmu sun san hadisin Jabir kan azalu, wato zubar da maniyyi a waje, ba za su rasa ta inda za su fara ba.