Ƙannena Matuƙa Jirgi, Labarin Mai Zuba Jari Ba Albashi Ba Ne

Assalamu alaikum.

Duk wanda ya jima a wannan sana'a tamu ta tuƙin jirgin sama ya san yadda abin yake farawa. Albashi zai yi jinkirin mako guda, a ce matsalar banki ce. Wata mai zuwa a biya rabi. Sai ka ga an ja jirgi ɗaya gefe an lulluɓe injinansa, wai ana jiran kayan gyara. Daga nan kuma labari ya ɓulla, ba wanda ya san bakin da ya fara furta shi: wani attajiri na son sayen kamfanin, wani babban kamfanin ƙasar waje ya turo mutanensa sun duba takardu, saura kaɗan a sa hannu. A ɗakin jiran ma'aikata, a motar da ke kai mu masauki, a wayoyinmu har ƙarfe biyun dare, maganar ke nan.

Na taɓa zama cikin wannan hali a wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. Mun yi watanni ba albashi, muka rabu gida biyu. Wasu na rantsuwa cewa mai kuɗin yana nan tafe, wasu na cewa kamfanin ya riga ya mutu, jana'iza ta rage. Ina cikin masu jira. An buɗe ɗaukar matuƙa a wani wuri, na ƙi aika takarduna, don wani da nake ganin girmansa ya ce mini ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa kafin Sallah komai zai daidaita. Sallah ta zo ta wuce. Ranar da na farga, wa'adin gwajina na na'urar kwaikwayon tuƙi ya ƙare, kamfanin ba shi da kuɗin tura ni, gurbin can kuma an cike shi. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, don na ga irin zancen yana yawo a tsakaninku, kuma na san raɗaɗin abin da ke biyo baya.

Ku tsaya ku dubi abin da ya faru da Jet Airways na ƙasar Indiya, domin samun misalin da ya fi shi fitowa fili sai an tona. Naresh Goyal ne ya kafa kamfanin, ya fara tashi a 1993, ya girma har ya mallaki jirage sama da ɗari, yana zuwa Landan da sauran manyan birane. A 2013 kamfanin Etihad na Abu Dabi ya sayi kashi 24 cikin ɗari na hannun jarinsa. Wa zai ce kamfani mai irin wannan majingina zai durƙushe? Amma zuwa ƙarshen 2018 albashin matuƙa da injiniyoyi ya fara makalewa. A watan Nuwamba na shekarar aka yi ta yayata cewa rukunin kamfanonin Tata na Indiya zai saye shi, har Tata ɗin da kansa ya fito ya ce tattaunawar ba ta wuce matakin farko ba. A watan Maris na 2019 Goyal ya sauka daga kujerarsa, bankunan da ke bin bashi, ƙarƙashin jagorancin State Bank of India, suka karɓi ragama, aka yi maganar kuɗin gaggawa. Matuƙa suka ci gaba da tashi ba biya, suna sauraron sunayen masu sha'awar saye.

A daidai wannan lokacin ga abin da ido ke gani: masu ba da hayar jirage suna ƙwace jiragensu ɗaya bayan ɗaya, mai sayar da man jirgi yana rufe famfo saboda bashi, har an riƙe wani jirgin kamfanin a Amsterdam a kan kuɗin da ba a biya ba. Ranar 17 ga Afrilu, 2019, jirginsu na ƙarshe ya tashi daga Amritsar ya sauka a Mumbai, shi ke nan.

Kada ku zaci jita-jitar ta mutu a ranar. A 2020 masu bin bashi suka amince da tayin wata gamayya, Jalan da Kalrock. A 2021 kotun fatarar kamfanoni ta sa albarka. A 2022 har an sake ba kamfanin takardar izinin jigila, aka yi ta shelar dawowa. Ko fasinja ɗaya bai sake ɗauka ba. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin a rushe shi a sayar da kadarorinsa. Shekara biyar da rabi ke nan tsakanin saukar ƙarshe da hukuncin ƙarshe. Matuƙin da ya zauna jiran tsammani tsawon wannan lokaci, me ya rage a hannunsa? Waɗanda suka tsira da sana'arsu su ne waɗanda suka bi jiragen zuwa inda aka mayar da su, don wasu daga cikin jiragensa ƙirar Boeing 737, wani kamfanin jirgin sama na Indiya mai suna SpiceJet ne ya karɓe su, kuma jirgi duk inda ya je yana buƙatar mai tuƙa shi.

Ko da mai zuba jarin ya zo da gaske, zuwansa ba ya nufin an haye. Etihad ɗin nan ya riƙe kashi 49 na Alitalia ta Italiya tun 2014, yana kuma da babban kaso a Air Berlin ta Jamus. A 2017 duka biyun suka faɗa hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci. Air Berlin ta rufe a shekarar, Alitalia ta ja jiki har Oktoba 2021 sannan ta daina tashi. Mai kuɗi riba yake nema, ranar da lissafinsa ya nuna masa asara zai naɗe tabarmarsa, ba kuma zai tambayi kuɗin makarantar 'ya'yanka ba.

Mu a Najeriya ai ba baƙin wannan labari ba ne. Nigeria Airways an rushe shi a 2003, tsofaffin ma'aikatansa suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka koma ga Allah ba su karɓa ba. Virgin Nigeria ya zo da sunan babban kamfani a bayansa, ya rikiɗe ya zama Air Nigeria, ya tsaya a 2012. A Fabrairun 2017 AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da suka maƙale, ta karɓe kamfanin Arik saboda bashi. Sai kuma Nigeria Air, kamfanin jirgin sama na ƙasa da gwamnati ta so kafawa, wanda aka nuna tambarinsa a bajekolin jirage na Farnborough a Ingila a Yulin 2018, aka dakatar bayan wata biyu, aka dawo da shi da maganar Ethiopian Airlines zai riƙe kashi 49, aka sauko da jirgi ɗaya a Abuja a ƙarshen Mayun 2023, jirgin ya koma inda ya fito, kotu kuma ta soke cinikin a 2024. Yara nawa ne da suka gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya, ko iyayensu suka sayar da gona da gida suka tura su waje, suka ɗora burinsu a kan wannan suna?

Ba ina cewa ku toshe kunne ba ne. Makomar kamfanin da ke ciyar da kai dole ta dame ka. Abin da nake so ku iya shi ne bambance magana da kuɗi. A ce wani “yana da sha'awa”, wannan ba ta ɗaure kowa ba. Takardar fahimtar juna ma galibi ba ta tilasta wa kowa biyan ko kwabo. Bayan ita sai an bi diddigin basussuka da kadarori, a nan ne yawancin ciniki ke watsewa, don a nan mai saye ke ganin ramin da aka rufe da tabarma. Sannan sai hukumomi sun yarda, sai bankuna sun yarda a yafe musu wani abu ko a jinkirta, ga kuma dokokin ƙasashe da ke iyakance kason da baƙo zai iya mallaka a kamfanin jirgin sama. Kafin kuɗi ya shiga asusu, komai na iya rushewa. Mu da aka koya mana kada mu yarda da jin jikinmu a cikin gajimare, mu dubi na'ura, ya kamata mu fi kowa gane wannan. Na'urorin kamfani a bayyane suke: jirage nawa ke tashi yau idan aka kwatanta da wata uku baya, ana ciro kayan wani jirgi ana sa wa wani ko a'a, mai man jirgi na ba da bashi ko sai an biya a hannu, kuɗin fanshon da ake cirewa a albashinka yana isa inda ya kamata, ana tura mutane horo a kan lokaci ko ana ta ɗagawa. Gani ya kori ji.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda saboda shi ne ma na ɗauki alƙalami. Wannan zance yana bin mutum har cikin ɗakin tuƙi. Ranar 21 ga Oktoba, 2009, jirgin Northwest mai lamba 188 ya taso daga San Diego zuwa Minneapolis a Amurka da fasinjoji sama da 140. Shekara guda ke nan da kamfanin Delta ya haɗiye kamfanin Northwest, tsarin rabon aiki na matuƙa ya canza. Kyaftin da mataimakinsa suka buɗe kwamfutocinsu suna nazarin sabon tsarin. Sama da awa guda masu kula da zirga-zirgar sama na kira ba amsa, jirgi ya wuce filin da zai sauka da kusan mil 150, sai da ma'aikaciyar cikin jirgi ta kira ta tambayi lokacin sauka sannan suka farga. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma hukumar jiragen sama ta Amurka ta soke lasisinsu. Ƙwararru ne masu dubban awoyi, ba maye suka yi ba, maganar kamfani ce kawai ta ɗauke musu hankali.

Dokar nan da ta hana hirar da ba ta shafi aiki ba a ƙasa da ƙafa 10,000, wadda Amurka ta kafa a 1981 duniya ta bi, da jini aka rubuta ta. Cikin dalilanta akwai jirgin Eastern mai lamba 212 da ya faɗi kusa da Charlotte a 1974, matuƙansa na hirar siyasa da motoci suna gangarowa, mutum sama da 70 suka rasu. To ina ga hirar da ta shafi abincin bakinka, wadda zuciya ke tafasa a kanta? Kyaftin, kai ne babba, kai za ka yanke zancen. In mataimakinka ya ɗauko, ka ce masa a bari sai an kashe injin. Kai kuma ƙarami, in babban ne ya ɗauko, ka mayar da shi kan aiki cikin ladabi. Rayukan da ke bayanku amana ce, ba su san kuna bin kamfani albashi ba, kuma ba laifinsu ba ne. In ka kwana ba ka runtsa ba saboda mai gidan haya ya buga maka waya, ka faɗi gaskiya cewa ba ka da natsuwar tashi yau. Wannan ba ragwanci ba ne.

Akwai wani tarko da ke tafe da kamfanin da ke tangal-tangal. Za a ce maka masu zuba jari na kallo, kada a soke tashi, a daure a rufa asiri. Sai ka ga mutumin kirki ya karɓi jirgi mai matsalar da littafin ƙa'ida bai yarda a tashi da ita ba, ko ya ƙi rubuta lahanin da ya gani, ko ya wuce awoyin aikinsa, wai yana taimakon kamfani. Wallahi ranar da abu ya faru, sa hannunka za a nuna, mai zuba jarin kuwa ko sunanka bai sani ba.

Dukiyarka ta gaskiya tana cikin jakarka: lasisi, takardar likita, shaidar ƙwarewa a kan nau'in jirginka, da littafin awoyinka. Kusan kowanne da ranar mutuwarsa. Tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, gwajin na'ura duk wata shida, duba lafiya a kan lokaci. In suka faɗi, tayar da su da kuɗin aljihu, da dala, a ƙasar waje, ba ƙaramin abu ba ne, ku tambayi duk wanda ya yi. Ka sa a sa maka hannu da hatimi a littafin awoyinka tun ofishin yana buɗe, domin in aka garƙame ƙofa ba za ka sami mai sa hannun ba. Ka karanta yarjejeniyar horon da ka sa wa hannu, ka san abin da ake bin ka da abin da kake bi. Ka ajiye takardun albashinka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Neman wani aiki alhali kana kan wannan ba cin amana ba ne, in dai ka ba da sanarwa yadda aka yi alkawari ka fita ta ƙofa.

Sannan ku ji tsoron Allah a kan harsunanku. An umarce mu da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wanda ya ce mini kafin Sallah komai zai daidaita ba mugu ba ne, na yafe masa tuntuni, shi ma ji ya yi ya ƙara gishiri don ya kwantar mana da hankali. Amma kalmarsa ta ci mini kusan shekara. Haka shi ma mai yaɗa cewa gobe za a rufe, yana iya korar fasinja da masu ba da bashi daga kamfanin da da sauran numfashinsa, ya jawo wa masu share jirgi da masu ɗaukar kaya, waɗanda ba su da lasisin da za su kai wani wuri, rasa abincinsu. In kuna da tambaya, kuna da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgin sama, NAAPE tana nan. Ku taru ku tambayi shugabannin kamfani a rubuce, ku nemi amsa a rubuce mai ɗauke da kwanan wata. Kuma kada ku bari wannan muhawara ta raba ku, mai tafiya ya kira mai zama wawa, mai zama ya kira mai tafiya butulu. Sana'ar nan ƙarama ce. Wanda ka zaga yau, shi za ka tarar a kujerar mai yi maka gwaji bayan shekara uku.

Iyalinka ma kada ka ciyar da su da jita-jita. Ka zaunar da maiɗakinka ka gaya mata halin da ake ciki yadda yake, a rage abin da za a iya ragewa tun yanzu, kada ka ci bashin mota ko ka ɗauki adashen da ya fi ƙarfinka da sunan bashin albashi na nan fitowa. Yau da dare, kafin ka buɗe waya ka ga wane sabon attajiri aka ambata, ka buɗe jakarka ka rubuta ranar da kowace takarda za ta ƙare, ka lissafa wata nawa abin da ke asusunka zai riƙe gidan in ba a sake biyan ko sisi ba.