Ƙudan Zuma Ya Tuɓe Sarki

Maroƙi: Allah gafarta Malam, ba ni nasabar sarkin Ayilan ɗin nan, in wasa shi.

Malam: Kongal, sarkin Ulaid, arewa maso gabashin tsibirin. Marubutan baya sun ce ɗan Skandal ne mai faffaɗar garkuwa, jikan Fiyakna wanda aka kashe a 626.

Maroƙi: Kongal na Skandal, toron giwa...

Malam: Dakata. Laƙabinsa Mai Ido Ɗaya.

Maroƙi: Af, tabon jarumta! Mashi ne ko kibiya?

Malam: Ƙudan zuma.

Maroƙi: Runduna guda, ko?

Malam: Ido dai ya tafi. A dokarsu mai naƙasa ba ya sarauta, sai ya rasa gadon Tara, wato mazaunin babban sarkin tsibirin. Mutumin da ya kashe babban sarki Suwibne a 628 ke nan fa.

Bafulatani: Malam, ni shanu nake jira. Nawa aka biya?

Malam: Ka yi haƙuri, Jauro. Diyyar mutuncin ƙaramin sarki kumal bakwai ce, kowane kumal shanun tatsa uku. Ashirin da ɗaya ke nan. Amma ya riƙe gatari ko shebur yana aikin ƙarfi, ko ya fita ba 'yan rakiya, ko a sare shi a ƙeya yana gudu, darajarsa ta koma ta talaka.

Bafulatani: Na idon nake tambaya.

Malam: Ido kuwa, ƙuri'a ake jefawa kan amyoyin mai zuman. Wadda ta faɗa wa, ita ce diyya.

Bafulatani: Amya ɗaya? Su ɗin da suka harbe shi za a kai masa gida? Ɗayan idon suke nema!

Maroƙi: To sai ɗansa ya hau, in koma can da kirarina.

Malam: Ina! Duk namijin da uban kakansa ya yi sarauta yana da haƙƙi. Zuriya huɗu, kowa da takobinsa. Shi ya sa baffa da ɗan ɗan'uwa ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Maroƙi: Shi Kongal ya haƙura?

Malam: Domnal, wanda ya zama babban sarki bayan Suwibne, ya kore shi a 629. Kongal ya tattaro mayaƙa har daga Sikotilan, aka gwabza a Mag Rat a 637, can ya kwanta dama. Masu tatsuniya sun ce wai a walima aka ba sauran sarakuna ƙwan dinya a kwanon azurfa, shi aka ajiye masa na kaza a akushi, shi ne ya jawo yaƙin.

Maroƙi: Zuma ta ci ido, ƙwai ya ci rai. Malam, da me zan wasa wannan?

Bafulatani: Wasa ƙudan. Shi ya ci yaƙin.